Kuskuren da ake yi wajen haɗa ruwan gishiri da sukari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a gidajenmu a nan Jos, musamman da damina, lokacin da gudawa ke addabar yara. Uwa za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, sai ta ƙara sukari don yaro ya samu ƙarfi. Ba ta san gudawar ta ƙara wa ƙarfi ba.

Dalilin yana cikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta a jikinmu. Shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, siririya ƙwarai, sai an jera kusan dubu goma kafin su kai kaurin silin gashi. Gishiri ba ya iya ratsa maiƙo, saboda haka akwai furotin da ke dashe cikin tantanin, su ne ƙofofinsa, kuma kowace da abin da take bari ya wuce. Wata ƙofa a bangon hanji ba ta shigar da komai sai sodiyam (wani sinadarin gishiri) biyu da gulukos (wani nau'in sukari) ɗaya sun zo tare. Robert Crane ne ya bayyana wannan aikin a 1960. Da zarar sun shige, ruwa ya bi bayansu, domin ruwa yana bin ɓangaren da gishiri da sukari suka fi yawa.

Gubar kwalara takan bar ƙofar kilorayid (ɗaya sinadarin gishirin) a wangale, ruwa ya riƙa kwarara cikin hanji, bayan gida ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Amma waccan ƙofar ta sodiyam da gulukos tana nan tana aiki, ita ake amfani da ita a mayar da ruwan.

To, idan sukari ya fi ƙarfin ƙofofin, ragowar takan zauna a hanji ta janyo ruwa daga jiki. Shi ya sa lemon kwalba ba magani ba ne. Gishiri kuma in ya yi yawa, ruwan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake tsotsewa, har yaro ya yi jijjiga.

Awon shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. In akwai ƙunshin ORS na kemis, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, ya fi, shi ma a lita ɗaya. A ba yaro kurɓi-kurɓi, a zubar da ragowar bayan awa 24. Idan ido ya faɗa ko ya kasa sha, sai asibiti.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos