A Kare Wa Murhun Pelet Sandar Kunnawarsa Kafin Ta Ƙona Bod

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu masu gidajen burodi da masu busar da kayan abinci a nan Legas, waɗanda tsadar gas da dizal ta sa wasunsu suka koma ga murhun pelet, wato mai cin dunƙulallen garin katako irin wanda ke tsibi a wuraren yankan katako. Murhun yana da daɗin aiki, amma an ƙera shi ne don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa. Wanda ya jona shi a bango haka kawai, da wutar NEPA da janareto suna karɓa-karɓa, to ya shirya sayen sabon bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa aikin murhun.

Abin da ke kunna murhun nan wata sanda ce mai zafi da ke kwance a ƙarƙashin kaskon da pelet ke zuba. Galibi tana cin wat 250 zuwa 400, tana aiki 'yan mintoci har pelet ya kama, sai bod ya kashe ta. Sandar nan kayan ƙarewa ce kamar ƙwan fitila, ba makawa wata rana za ta mutu. Yadda take mutuwa shi ne abin dubawa. In zarenta na ciki ya tsinke, da sauƙi, murhu ya ƙi kamawa ke nan. In kuwa zaren ya taɓa jikin ƙarfen, ko ya haɗe da kansa, wutar da za ta kwararo ta cikin bod za ta bi, ta ƙona ɗan makunnin da ke ba sandar wuta, wani lokaci har layukan tagullar jikin bod su narke. Sanda ana samunta da araha, bod kuwa sau da yawa sai an yi odarsa daga waje, gidan burodi na zaune ba aiki.

Maganin farko shi ne sandar ta samu fiyus nata na kanta. Lissafin ba wuya: sanda mai wat 300 a kan bolt 230 tana jan amfiya 1.3, don haka fiyus na amfiya 2 ya dace da ita. A sa shi a kan wayar laif, cikin gidansa mai murfi, nesa da jikin murhu inda zafi yake. A nemi ɗan ƙaramin nan mai milimita 5 da 20, kuma a zaɓi na tangaran mai yashi a ciki. Na gilashi an yi shi ne ya katse abin da bai wuce amfiya 35 ba, na tangaran kuwa yana katse har 1500 bai fashe ba. Sandar da jikinta tangaran ne tana jan wuta fiye da ƙima a daƙiƙun farko tun tana da sanyi, saboda haka ita sai fiyus mai jinkiri, wanda aka rubuta T a jikinsa, a kuma auna abin da take ja da mita kafin a yanke girmansa. Wata ɗabi'a da muke roƙon a daina don Allah ita ce ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar kwalin sigari. Fiyus ba ya ƙonewa banza. Wanda ya ɗaure shi ya mayar da bod ɗinsa fiyus ne.

Sai dai fiyus kaɗai ba kullum yake riga makunnin bod mutuwa ba, musamman in makunnin na lantarki ne mara motsi, wanda ƙiftawar ido ta isa ta kashe shi. Shi ya sa muke ganin aikin bai cika ba sai an sa rile a tsakani, wato makunnin da ke haɗe bakinsa idan wuta ta shiga naɗin wayarsa da ake kira koyil. A samo rile mai koyil na bolt 230, wanda bakinsa ke ɗaukar amfiya 10. Wayoyi biyun da a da suke tafiya daga bod zuwa sanda, a mayar da su kan koyil. Ita kuwa sandar a ɗebo mata wuta daga inda wuta ke shigowa murhu, ta bi ta fiyus ɗinta, ta bi ta bakin rile, sannan ta isa gare ta. Daga nan bod umarni kawai yake bayarwa, nauyin ba a kansa yake ba. In aka ji rile na karkarwa bayan bod ya kashe shi, ɗigon wuta ne ke tsiyayowa daga bod, sai a haɗa ƙwan firji mai zare na wat 15 tare da koyil ya shanye ɗigon. Ƙwan kuma zai riƙa nuna lokacin da sanda ke aiki. Wayar da ke kusa da sanda ta zama mai rigar silikon ko zaren gilashi, mahaɗinta na tangaran, domin wayar roba ta gida digiri 70 ne iyakarta.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a yi tunani, domin nan ne hatsarin rai yake. Zafin sanda ba daidai da ƙarfin wuta yake hawa da sauka ba, ya fi shi saurin gudu. Sandar nan mai wat 300, in wuta ta haura bolt 260 za ta ba da wajen wat 384, kwananta ya ragu. In wuta ta sauka 180, wadda duk mazaunin Agege ko Idi Araba ya san ta da dare, wat 184 kacal za ta bayar. Mutane suna ɗauka ƙarancin wuta ba ya ɓarna. A murhun pelet yana yi. Sanda ta yi ɗumi amma ba ta kai ta kunna ba, sukurun tura pelet yana ta zubowa, kasko ya cika, pelet ya yi ta turnuƙewa, ciki ya cika da hayaƙi mai kamawa. Da harshen wuta ya tashi sai hayaƙin ya kama gaba ɗaya ya yi bindiga, ya iya fasa gilashin ƙofa ko ya ƙona fuskar yaron da ya leƙa. Duk lokacin da murhu ya ƙi kamawa, a kashe, a bari ya huce, a kwashe pelet ɗin da ya taru a kasko tas, sannan a sake. Kada a zuba kananzir.

Don haka wutar da za ta shiga murhu a tace ta. A sa na'urar nan mai nuna lamba da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, a saita ta tsakanin 200 da 250. Amma kada ta zama ita ce ta ƙarshe kafin murhu, domin in ta yanke alhali garwashi na ci, fankar fitar da hayaƙi za ta tsaya, hayaƙi mai guba ya dawo ɗaki, wuta kuma ta iya bin sukuru ta koma rumbun pelet. Bayanta a sa inbata mai batir, mai ba da wuta sumul irin ta NEPA, na kVA 1 ya isa ƙaramin murhu, ko da riƙe fanka na minti 20 ne har a kashe murhun yadda ya kamata. Inbata mai araha da ke ba da wuta mai kusurwa yana sa motocin fanka gurnani da zafi. Saboda tsawar damina kuma, a ƙara barista, ɗan abin da ke shanye wutar da ta haura kwatsam, mai lamba 14D431K tsakanin laif da nutiral, lallai a bayan babban fiyus, don in ta gaji haɗewa take yi.

Laimar Legas ma tana da nata aikin. Farin garin da ke cikin sandar ƙarfe yana shan danshi in murhu ya daɗe a ajiye, sai wuta ta fara zurarewa zuwa jikin murhu. A auna da mega, na'urar gwada zurarewar wuta, a kan bolt 500 tsakanin wayar sanda da jikinta, in bai kai megom 1 ba, a gasa ta a tanda mai digiri 120 na 'yan awoyi a sake aunawa. Zaren kansa, a sandar ƙarfe mai wat 300, ya nuna wajen om 176. Jikin murhu kuma dole a ɗaure shi da wayar ƙasa ta gaskiya, a sa bireka RCD, wanda ke yanke wuta in ta zurare zuwa ƙasa, na miliamfiya 30 mai yanke layi biyu. Ƙananan janareto da yawa nutiral ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, kuma in haka ne RCD ba zai yi aikinsa daidai ba sai ƙwararre ya haɗa shi a wajen injin.

Masu sayen murhu na hannu a kasuwar Alaba kuma su karanta farantin da ke bayan murhu kafin su biya. Na Italiya da sauran Turai bolt 230 ne irin namu. Na Amurka bolt 120 ne, jona shi kai tsaye ƙona shi ne nan take, kuma ko an sa taransifoma, motarsa da aka yi wa haz 60 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan haz 50 namu, sai an sake saita zubar pelet da ƙarfin fanka. Duk aikin da muka zayyana a yi shi bayan an zare fulogi daga bango, kashe makunnin jikin murhu bai isa ba.

Naku,
Wasu masu aikin waya da gyaran injuna,
Agege, Legas.