Godiya Ga Garejin Da Ke Gyara Mana Bututun Birki A Sabon Gari

Assalamu alaikum, Maigida, kai da yaranka baki ɗaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, mu masu tsofaffin motocin haya da ke jigila tsakanin Samaru, Kwangila, PZ da Ƙofar Doka mun ga ya dace mu yaba muku a gaban jama'a kan aikin da mai mota ba ya gani sai ya shiga ƙarƙashi, wato duba bututun birki da canza shi.

Yawancin motocinmu tokumbo ne, Golf da Corolla da Sharan, waɗanda suka sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara tun kafin su iso nan, sannan lakar damina ta ɗora nata. Bututun ƙarfen da ke kai man birki daga masta, wato famfon da ke tura man idan aka taka birki, zuwa ƙafafuwa kaurinsa milimita 4.75 ne, kaurin bangonsa kuwa bai kai milimita 1 ba. Idan aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke ciki yana ninka iskar taya fiye da sau 30. Tsatsa kaɗan ta isa ta fasa shi.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku duba daga nesa. Kuna ɗaga mota, ku goge laka da buroshin waya, ku bi bututun daga masta har ƙafar baya. Kuna buɗe ƙananan maƙalan da ke riƙe shi a jikin mota, domin a nan ruwa ke kwanciya, sannan ku haska saman tankin mai inda ido ba ya kaiwa. Tsatsar sama kuna gogewa ku shafa girisi. Wadda ta fara ɓarewa ko ta yi ramuka kuwa, ba ku jayayya da ita, sai canji. Tiyon roba na kowace ƙafa kuna lanƙwasa shi ku ga tsagewa, yaro ya taka birki ku ga ko zai kumbura. Kun kuma san wanda ke ruɓewa ta ciki: mai ya tafi ya kasa dawowa, ƙafa ta riƙe, ta yi zafi, mota ta riƙa ja gefe guda. Bakanike da yawa kan ɗora wa kalifa, wato abin da ke matse birki a ƙafa, wannan laifi, a sayi sabo, matsala tana nan.

Mun gode da ba ku yin faci. Kowa ya san abin da ake yi a bakin titi: a daddake bututun ƙafar da ke yoyo da guduma a bar mota da ƙafa uku, ko a yi walda, ko a jona da bututun jan ƙarfe na firij. Jan ƙarfe zalla girgiza na taurara shi har ya tsage. Ku ƙarfe kuke sawa, ko gamin jan ƙarfe da nikel da aka yi domin birki, ku auna da tsohon, ku lanƙwasa da abin lanƙwasawa don kada ya tsuke, ku mayar da shi cikin maƙalansa nesa da salansa.

Sai bakin bututun, inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Motocin Japan galibi bakin bututunsu naɗi biyu ne, na Turai kuma mai kumburi ne. Notin da ke ɗaure bututun na iya shiga ko da an haɗa su ba daidai ba, amma zai riƙa tsatsafo. Kuna buɗe wa kowace mota irin nata, da sifana mai tsaga, lamba 10 ko 11, da ba ta cinye kan noti, kuma wosha ta jan ƙarfe da aka kwance ba ta komawa.

Wajen cire iskar da ta shiga bututun kuna farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, sai dai idan tsarin motar ya ce wani abu daban, yaro guda kuma yana tsaye kan tulun man birki don kada ya ƙafe iska ta sake shiga. Mai daga sabuwar gora kuke zubawa, nau'in DOT 3 ko DOT 4 yadda murfin tulun ya nuna, saboda man birki yana shan laima, wanda ya sha kuwa yana tafasa da wuri, feda ta nitse. Shi ya sa kuke cewa a canza shi duk shekara 2. Ruwan omo ko baƙin mai ba su taɓa shiga tulu a wajenku ba, baƙin mai ma kumbura robobin masta yake yi.

Daga ƙarshe kuna danne feda na daƙiƙa 30. In ta sauka, aiki bai ƙare ba. In ta tsaya, ku share kowane mahaɗi, ku zaga da motar, ku dawo ku sake dubawa, sannan ku miƙa wa mai mota tsohon bututunsa ya ga inda ya ruɓe.

Ƙorafinmu ɗaya ne, layi ya yi yawa ranar Asabar. A ƙara ramin dubawa in da hali.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yara albarka.

Naku,
Wasu direbobin haya na layin Samaru zuwa Sabon Gari, Zariya.