Kuɗin da tsohon wurin aikinka ya turo maka

Tudun Wada, Gombe.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na ga saƙonka. Ka ajiye aiki ƙarshen Afrilu, amma albashin Mayu da na Yuni sun shigo, Naira 185,000 kowane wata, kuma har yau ba wanda ya neme ka. Kana tambaya ko rabo ne. Ɗan'uwa, amana ce ta faɗo hannunka. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, wanda kuwa bai san ya yi kuskure ba, shirunsa ba yarda ba ce. Ka duba aya ta 58 a Suratun Nisa'i. Kotu ma tana sa a mayar da kuɗin da aka biya bisa kuskure.

Kada ka taɓa su, amma kada ka yi garajen turawa. Fara da karɓo sitatimen a banki, don alat kaɗai ba hujja ba ne. Sai ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka lissafa abin da kake binsu: kuɗin hutun da ba ka je ba, ariyas, alawus ɗin tafiye-tafiye. Wataƙila wani ɓangare haƙƙinka ne. Sai dai ba kai kaɗai za ka zaftare ba, a zauna a daidaita a rubuce.

Ka rubuta wa sashen ma'aikata da akanta, da ranaku da adadi, ka riƙe kwafi mai hatimi. Nan ne ake yawan cutuwa: wasu sukan nemi cikakken albashi, alhali kafin ya iso gare ka an cire haraji da kashi 8 cikin 100 na fansho. Abin da ya shiga asusunka, Naira 370,000, shi za ka mayar. Ragowar kuwa, tsohon wurin aikinka su nemo shi a hukumar haraji da kamfanin fansho, tunda su ne suka tura can.

Ka biya a asusun kamfanin kawai, wanda suka rubuto a takarda mai kan ofis. Idan wani ya kira ya ce ka turo asusunsa zai gyara, ka ƙi, domin ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunanka ne a littafi. Ka karɓi rasit da takardar cewa ba sa binka komai.

In kuwa ka riga ka ci wani abu a ciki, kuɗin makarantar yara ko haya, faɗa musu gaskiya, ka nemi biya kaɗan-kaɗan, ko 50,000 a wata. Kuma kada ka ce za ka yi sadaka da su. Ana yin haka ne idan an rasa mai kuɗin, su kuwa ka san ƙofarsu.

Turo mini wasiƙar in duba kafin ka miƙa. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka na Gombe