A riƙa bambance steal da rob kafin a sa hannu a takardar 'yan sanda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Abuja a kan kalmomin sata na Turanci. Abin ya dame ni, domin a ofishin 'yan sanda da kotu da Turanci ake rubuta bayani, kuma kalma ɗaya tana iya mayar da ƙaramin laifi babba, ko ta sa babban laifi ya zama ƙarami.

Tushen matsalar yana tsakanin steal da rob. Ƙa'idar ita ce abin da aka ɗauke shi ke bin steal, mutum ko wurin da aka cuta kuma shi ke bin rob. Ana cewa “they stole my phone”, ana cewa “they robbed me”. In kana son haɗa mutum da kayan a jimla ɗaya, kowace kalma da 'yar rakiyarta: “they stole a phone from me”, amma “they robbed me of my phone”. From ta steal ce, of ta rob ce. Mu Hausawa muna cewa an yi mini sata, sai mai koyo ya ɗauko wannan ginin ya rubuta “I was stolen”, alhali ma'anarsa shi kansa aka sace. Wani kuma ya rubuta “they robbed my phone”, kamar wayar aka tare a hanya. A lura kuma steal tana sauya kama, steal, stole, stolen, ita kuwa rob ninka harafin b take yi ta zama robbed.

Abin da ya fi nahawu nauyi shi ne doka. Rob fashi ne, wato karɓe kaya da ƙarfi ko da barazana, mai kaya yana ji yana gani. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a Babban Birnin Tarayya, sashe na 287 ya sa wa sata ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyun. Amma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya yi fashi, in kuma da makami ne hukuncin kisa. Yaron shago ya zari kuɗi a durowa, mai shago cikin fushi ya rubuta “he robbed my shop”, ya ɗora masa abin da bai aikata ba. Haka nan wanda 'yan wan cans, wato masu fashi da motar haya, suka ɗauka a Berger ko hanyar Kubwa, suka nuna masa wuƙa suka karɓe waya da katin ATM, in ya rubuta “they collected my phone” ya cuci kansa. Collect a Turanci karɓa ce ta lumana, irin ta mai karɓo saƙo a tasha. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne “I was robbed at knifepoint”, in bindiga ce “at gunpoint”. Kalmar carry ma haka take, ɗauka ce kawai, ba ta nuna laifi.

Sauran kalmomin kowace da muhallinta. Ɗan sane a kasuwar Wuse shi ne pickpocket, aikinsa kuma “he picked my pocket”. Fizge waya ko jaka a gudu, irin na masu babur, snatch ne. Tare mai tafiya a ƙasa a ƙwace masa kaya da duka ko tsoratarwa mug ne. Wanda ya dawo daga aiki ya tarar an ɓalle ƙofa an kwashe kaya, “my house was burgled” zai ce ko “broken into”. Amurkawa burglarized suke cewa. Ɓoye kaya a riga a kantin zamani shoplift ne, ɗauke-ɗauken kaɗan-kaɗan a wurin aiki pilfer, wawason shaguna lokacin tarzoma loot, satar shanu rustle.

Akwai kuma satar da ba a fasa ƙofa. Ma'aji ya yi sama da faɗi da kuɗin da aka ba shi amana, wannan embezzle ne, kuma kuɗin ne ke bin kalmar: “he embezzled the funds”. Damfara defraud ce ko swindle, su kuma mutum ke bin su kamar rob: “he defrauded me of two million naira”. Lambar 419 da muke kiran 'yan damfara da ita sashe ne na Criminal Code ta Kudu. A Penal Code sunan laifin cheating.

Nick da pinch na Ingila, da rip off da make off with da ake ji a finafinai, maganar hira ce. Yana da kyau a san su, amma kada a sa su a takardar ƙorafi ko jarrabawar WAEC.

Shawarata ga mai ba da bayani ita ce ya fara faɗin abu huɗu da Hausa: me aka ɗauka, yana wurin ko ba ya nan, an yi masa barazana ko an taɓa lafiyarsa, da makami ko babu. Daga nan a zaɓi kalma. Ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa, sannan ya sa hannu. Masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridu ma ina roƙonsu su daina kiran kowane robbery fashi da makami, sai in an rubuta armed robbery.

Na gode.

Wani malamin Turanci,
Kubwa, Abuja