Yaranmu Masu Himmar Ƙwallo Suna Buƙatar Lig Mai Rajista

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan yaran da suka riƙi ƙwallon ƙafa da gaske, 'yan shekara 12 zuwa 17, waɗanda suke fitowa atisaye kullum bayan la'asar a ƙananan ƙungiyoyin unguwa da makarantun horar da 'yan wasa da ake kira akadami. Na daɗe ina horar da irin waɗannan yara a Kano, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin gasar lig mai tsari wadda za a riƙa bugawa mako-mako, kowane yaro da katinsa da shekarunsa na gaskiya a rubuce.

Abin da muke da shi a yanzu kofuna ne na ɗan lokaci, kamar kofin Sallah ko wanda ɗan takara yake sakawa idan zaɓe ya gabato, kuma kusan dukkansu sili ɗaya ƙwale ne. Yara za su yi wata da watanni suna atisaye, a doke su a wasan farko, shi ke nan sun koma wasannin sada zumunta har sai wani ya sake sa kofi. Kocin da ya san cewa rashin nasara sau ɗaya zai fitar da shi ba zai sa ƙaramin yaro mai basira wanda jikinsa bai gama ƙwari ba. Zai je ya ɗauko 'yan haya, gardawan da sun haura ashirin, ya ce 'yan sha shida ne, sauran kociyoyi kuma su yi shiru domin kowa ya san abin da yake cikin tukunyarsa. Yaron da ya fi kowa zuwa atisaye shi ne yake ƙarewa a benci. Ban raina gasar Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed ba, amma gasar 'yan kwanaki sau ɗaya a shekara ba za ta ɗauki nauyin renon ɗan wasa ba.

Muna alfahari da cewa Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da kuma 2015, kuma a 2013 ɗin ɗan Gombe ne, Manu Garba, ya jagoranci tawagar. Sai dai ya kamata mu tuna da abin da ya faru a 2016, lokacin da 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin tantance shekaru, wato gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, Nijar ta fitar da mu, ta kuma wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya. Ba mu je gasar 2023 ba, haka nan ba mu je ta 2025 a Ƙatar ba duk da an faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 48. Da a ce an yi wa kowane yaro rajista tun yana ɗan shekara 12, da takardar haihuwarsa da shaidar makarantarsa, da babu wanda zai wayi gari ya zaftare wa kansa shekara huɗu ana gobe tantancewa.

Rajistar nan kuma kuɗi ce, abin da yawancin masu ƙananan ƙungiyoyi ba su sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin 100 na kuɗin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Ke nan idan aka sayi ɗan wasa a kan Yuro miliyan 10, ƙungiyar da ta riƙe shi shekaru huɗun farko tana da haƙƙin Yuro dubu 100, kuɗin da zai saya wa yaran unguwa takalma da riguna da ƙwallaye, ya biya motar zuwa wasa na shekaru masu yawa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Paris da yake bibiyar wannan biya, amma da tarihin rajistar ɗan wasa yake aiki. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiharta ba, ba ta kuma shigar da sunayen yaranta ba, ba ta da hujjar da za ta nemi ko sisi, ko da kuwa kocinta ne ya riƙa ciyar da yaron daga aljihunsa.

Wannan giɓi ne dillalai suke shigowa ta cikinsa. Tun da yaro ba shi da wata gasa da masu neman 'yan wasa za su zo su gan shi a kai a kai, sai a shirya gwaji na kwana biyu, a sayar da fom, a ce Turawa za su zo, daga baya a nemi iyaye su kawo kuɗin biza da jirgi, wasu har su sayar da fili ko gona. Ina so iyaye su sani cewa sashe na 19 na dokar musayar 'yan wasa ta FIFA ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar idan iyayensa sun ƙaura can saboda abin da bai shafi ƙwallo ba. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 Turai ya sa hannu, ko dai bai san doka ba ko kuma kuɗinka yake so.

Hanyar da take ɓullewa a bayyane take. Ahmed Musa daga akadami a Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Wasannin lig ne suka nuna shi. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a birnin Accra inda Hausawan zango suke da yawa, ya shiga akadamin Right to Dream, wadda take haɗa boko da ƙwallo, ya yi shekaru a can kafin ya fara buga wa Nordsjaelland ta Denmak wasa a 2018 bayan ya cika 18, daga nan Ajax a 2020.

Don haka ina kira ga hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohinmu, musamman Kano da Kaduna da Katsina da Filato inda ƙungiyoyin yara suka yi yawa, da su kafa lig na 'yan ƙasa da 13 da 15 da 17, a riƙa bugawa Asabar da Lahadi. A raba ƙungiyoyi shiyya-shiyya yadda yaran Fagge ba za su buƙaci kuɗin mota mai yawa ba kafin su kara da na Gwale ko Nasarawa, zakarun shiyyoyi su haɗu a ƙarshen kaka. A ba kowane yaro kati mai hoto, kada a sabunta shi sai ya kawo shaidar yana zuwa makaranta, domin a cikin yaran da muke horarwa 'yan ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran kuma amana ce a hannunmu. A dakatar da wasa lokacin azumi da lokacin jarrabawar WAEC da NECO. Ma'aikatun ilimi su buɗe filayen makarantun gwamnati a ƙarshen mako, attajiran da suke sa kofin mako biyu kuma su mayar da kuɗin ga alawus ɗin alƙalan wasa da akwatin agajin gaggawa na kaka guda. Mu kociyoyi a shirye muke mu kawo sunayen yaranmu da takardunsu a ranar da aka buɗe rajista.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Mai horar da ƙungiyar yara,
Kano.