Godiya ga Masu Shagon da Suka Koya Mini Duban Tanzanait a Arusha

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya kasuwa? Na rubuto wannan takarda a fili ne, da harshena, don mutanenmu masu zuwa Arusha ta ƙasar Tanzaniya taro ko yawon buɗe ido su ji irin karamcin da kuka yi mini.

Na shigo shagonku da yamma bayan mun tashi daga taro, ina neman abin da zan bai wa 'yata lokacin bikinta. Ni gwal na sani. A ɗora shi a sikeli, a faɗi giram, a faɗi karat, ciniki ya faɗa. Da wannan tunanin na zo, idona kuma ya sauka a kan dutsen da ya fi kowanne girma a cikin akwatin gilashi. Da kun ga dama da kun naɗe mini shi na biya na tafi ina murna. Sai yarinyar da ke kula da ni ta ce, "Mama, zauna tukuna," ta jawo kujera, ta shimfiɗa farar takarda.

Abu na farko da ta warware mini shi ne karat. Ta ce na dutse nauyi ne, karat 5 ke yin giram 1, ba ruwansa da karat ɗin gwal mai nuna tsabta. Kuma a tanzanait, wato dutsen adon da nake dubawa, launi ke gaba da nauyi. Ta ɗauko babban da na zaɓa da hantsaki, ta ajiye shi kusa da wani da bai kai rabinsa ba, ta kai ni bakin taga. A hasken rana babban ya koma fari-fari kamar shuɗin da ya sha wanki. Ƙaramin kuwa shuɗi ne mai zurfi irin na baba, da shunayya tana leƙowa daga ciki. Ta juya shi a hankali, shuɗin ya koma shunayya, a wata kusurwa har wani ja-ja ya gilma. Ta ce haka halittarsa take, launinsa ya danganta da gefen da aka kalla, shi ya sa gwanin yanka yake yarda ya yi asarar nauyi don fuskar dutsen ta fito da shuɗi. Daga nan ta ɗora babban a kan rubutun rasit, sai ga haruffa ina karantawa ta tsakiyarsa. An yanka shi da faɗi ba zurfi, haske yana wucewa ba ya dawowa ido. Wallahi ban taɓa sanin ana duba wannan ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne gaskiyar da kuka faɗa ba tare da na tambaya ba. Kun ce kusan duk tanzanait da ke kasuwa an gasa shi a wuta mai zafin digiri 500 zuwa 600, don ruwan ƙasan da yake fitowa da shi daga rami ya tafi, shuɗin ya tabbata, kuma wannan ba algus ba ne muddin an sanar da mai saye. Kun ce haruffan AAA da ake liƙa wa duwatsu don nuna darajarsu kowane ɗan kasuwa da nasa ma'aunin, in dogara da idona da takardar ɗakin gwaji. Da na ce zan ajiye wa yarinyar ne ya zama kadara, mai shago da kansa ya taso ya ce mini in bar wannan lissafin. Gwal ana mayar da shi kuɗi a kowace kasuwa, shi kuwa wannan dutse samun mai saye a farashin da aka saye shi ba abu ne mai sauƙi ba. Ya ce in saya don kyansa. Ɗan kasuwar da zai faɗi maganar da za ta iya hana shi ciniki, ai dole a yi masa shaida.

Haka kuka hana ni yin zobe. Taurinsa 6 zuwa 7 ne a ma'aunin Mohs, alhali yaƙutu 9 ne, daimon 10, kuma bugu ɗaya a gefen da bai dace ba yana iya tsaga shi. Na tuna ƙurar hunturu da aikin gida, na yarda da shawararku ta maƙala shi a sarƙar wuya.

Abokiyar tafiyata ma tana gaishe ku. Dutsen da ta saya da araha a hannun wani mai talla a bakin titi, kun duba mata kyauta da gilashin ƙara girma, kuka nuna mata ƙananan kumfa a ciki, kuka juya shi launi bai motsa ba. Kwalba ce. Ba ku yi mata dariya ba, kuka ba ta shayi.

Kafin mu fita kun ba mu labarin tuddan Mererani da ke yankin Manyara, wuri ɗaya tak a duniya da ake haƙo shi don kasuwa, tun da aka gano shi a 1967, kamfanin Tiffany na Amurka kuma ya raɗa masa sunan ƙasarku. Kun faɗa mana katangar kilomita 24 da aka kewaye wurin da ita a 2018 zamanin Shugaba Magufuli, da Saniniu Laizer da ya haƙo manyan duwatsu biyu a 2020, ɗaya ya haura kilo 9. Saboda tsaurin dokar fita da dutsen ne kuka nace in riƙe rasit da takardar shaida a jakar hannu har filin jirgin Kilimanjaro.

An yi biki lafiya. Amarya ta sa sarƙar ranar kamu, ƙawayenta suna ta juya dutsen a hasken fitila suna kallon yadda yake sauya launi. Ina wanke mata shi da ruwa mai ɗumi da sabulu kamar yadda kuka ce.

Allah Ya yi wa kasuwarku albarka, Ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Taku,
Wata uwa daga Kano