Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Likitoci A Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Manyanmu da suka koyar da mu aiki, 'yan uwa likitoci maza da mata, da ƙannenmu da suka shigo bana, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi a shekarar 2025. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai karanta nasa bayan wannan.

Tarukan ƙara wa juna sani na wata-wata sun gudana, sai na watan azumi da muka ɗage, da kuma ɗaya a tsakiyar damina da ya faskara saboda zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakunan yara. Mun je gaisuwar rashi, mun je barkar haihuwa, an kuma tallafa wa iyalan wani ɗan uwa da ya daɗe a kwance. Allah ya ƙara masa lafiya.

Babban aikin shekara shi ne taronmu na kwana biyu kan kare tsarin kiwon lafiyar ƙasa. Abin da ya ja mu ga wannan maudu'i sananne ne. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, nan take shirye-shiryen maganin ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suka girgiza. Sai muka tambayi kanmu: ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa, me ya rage namu na kanmu?

Maƙala ta farko ta bi dokoki ɗaya bayan ɗaya. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, kasafin tarayya kuwa bai taɓa kai wannan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya da ta wajabta ta a kan kowane ɗan ƙasa. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Wannan ba sai an karanta mana ba. Kowannenmu ya san uban da zai karɓi takardar magani, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Likita, wanne ne ya fi muhimmanci a ciki? Sauran sai ranar kasuwa in na sayar da akuya."

Ana tsakiyar wannan maƙala aka ɗauke wuta, janaretan zauren kuma ya ƙi tashi. Mai jawabi ya kunna fitilar wayarsa ya ci gaba da karatu, wani daga baya ya ce ai a haka muke ɗinki da dare, kowa ya yi dariya. Sakacin namu ne, ba mu gwada injin ba kafin ranar.

Zaman da ya fi zafi shi ne na ficewar likitoci. An kawo adadin da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya taɓa bayarwa, cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Wasu manyanmu suka ce ƙudurin da aka kai Majalisar Wakilai a 2023, na a tilasta wa sabon likita aikin shekara biyar a gida kafin ya sami cikakken lasisi, yana da ƙamshin gaskiya, tunda da kuɗin talakawa aka koyar da mu. Matasa suka ce ba a ɗaure mutum da igiya a ce ya zauna. Wata 'yar uwa da ta yi aiki a yankin yammacin jihar nan ce ta kawo maganar da ta tsaya mini a rai. Ta ce tafiyar likita hawa biyu ce: kafin ya nemi takardar Saudiyya ko Ingila, ya riga ya nemi a dawo da shi cikin birni daga Batsari ko Safana ko Faskari, saboda ba ya iya barci da ido biyu. A ganina can ne tulun ya fara yoyo, kuma wannan hawa na farko shi ne wanda jiha ke da ikon yin wani abu a kai, ta fuskar tsaro da gidan kwana da alawus ɗin karkara.

Bayan taro muka tura tawaga wani ƙaramin asibitin mazaɓa, ɗaya daga cikin mazaɓu 361 na jihar nan. Firjin rigakafi mai sola yana aiki, rajista tsaf. Malamar asibiti ɗaya ce ke awon ciki, ita ke karɓar haihuwa, ita ke rigakafi. Muna zaune ta ɗaura wa wani yaro ma'aunin damtse, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, uwar kuwa ko gezau, don ta saba gani. A watan Yuli ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina tun daga farkon shekara. Yaran da ke isowa gare mu a manyan asibitoci da kumburin ƙafa, irin bencin wannan ƙaramin asibiti suka fara zama a kai makonni kafin nan.

Abin kunya, malamar nan ta fi yawancinmu sanin yadda kuɗin asusun matakin farko ke shigowa da abin da aka yarda a kashe su a kai. Haka a taro muka tarar akwai 'yan uwa da har yanzu suke zaton sai da takardar 'yan sanda ake taɓa wanda aka harba, alhali dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta a fara yi masa magani, dokar 2014 kuma ta hana a mayar da duk mai buƙatar taimakon gaggawa. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa tarukan wata-wata uku na farkon shekara mai zuwa a kan waɗannan dokoki za a yi su, kuma za mu gayyato lauya.

Takardar bayan taro mun kai ta ofisoshin da suka dace, an buga mana hatimin karɓa, amsa dai shiru. Za mu sake bi. Aikin duba marasa lafiya kyauta da muka shirya yi a Daura bai samu ba, kuɗi suka gaza, mun mayar da shi bayan Ƙaramar Sallah idan Allah ya kai mu.

Masu bashin kuɗin wata su ga Ma'aji kafin su fita. Wanda kuma yake son shiga tawagar ziyarar asibitocin mazaɓu ya rubuta sunansa da ranar da ba ya kan aiki a takardar da ke bakin ƙofa.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya